Tsegumin Samaru: Masu Shirya Shagali Na Karatu A Ɓoye

Jama'a ku matso kusa, ku rage murya, domin abin da ke bakina yau ba na lasifika ba ne. Wanda ya ji ya ji, wanda aka tambaya ya ce a hanya ya tsinta. Kamar kullum, ba a kama suna a wannan fili. Amma duk wanda ya ji gabansa ya faɗi yana cikin karantawa, to mai kaza a aljihu ne, ba ya jimirin as.

Yau Samaru muka leƙa, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 1962 take yaye manya, take kuma tara 'ya'yan mutane daga kowane lungu na ƙasar nan. Zangon karatu ya raba tsakiya, malamai sun fara jefo gwaji ba sanarwa, amma in ka bi ta ƙofar ɗakunan kwana da yamma sai ka rantse an gama jarrabawa an shiga hutu. Masu kawo mana rahoto sun cika kunnenmu, ga kaɗan daga abin da ya dace a faɗa.

Makon da ke ƙarewa ranar Laraba

A kalandar jami'a, mako yana farawa Litinin ya ƙare Juma'a. A kalandar wasu 'yan mata da muka sa wa ido kuwa, Talata yake farawa ya ƙare Laraba da daddare. Da hantsin Alhamis za ka ga an fito da akwati mai taya ana ja, an nufi babbar ƙofa, daga nan sai Kwangila, inda ake hawa motar Kaduna ko ta Kano. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Wallahi bikin 'yar ɗakinmu ne, ba yadda zan yi." Kamu Alhamis, sa lalle da walima Juma'a, ɗaurin aure da dina Asabar, kai amarya Lahadi. Litinin kuma ranar huce gajiya ce, ga ƙafa ta kumbura saboda takalmi mai tsini.

Abin da ya ɗaure wa majiyarmu kai shi ne, ɗaki ɗaya ne mai gado huɗu, amma daga farkon zangon nan zuwa yau 'yan ɗakin da aka aurar sun ninka gadajen. Ko dai ana auren mutum ɗaya sau biyu, ko kuwa akwai lissafin da ba a koya mana ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Ƙa'ida ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ya cancanci zama jarrabawa. Saboda haka kafin a ja akwati sai a bar wasiyya: "Ƙawata, don Allah in takarda ta zagayo ki sa min hannu." An raɗa mana cewa akwai wata baiwar Allah 'yar aji biyu da ke shiga lakca da biro kala uku a jaka, kowane biro da mai shi. Ta ƙware har tana karkata hannu in ta zo kan suna na uku. Rannan wani Dakta ya karɓi takardar, ya dubi sunaye, ya ɗaga kai ya dubi kujeru, ya ga abin ba ya haɗuwa. Bai yi faɗa ba. Gilashinsa kawai ya gyara ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Baiwar Allah ta amsa nata, aka zo na ƙawarta ta sauya murya ta amsa. Da aka kira na uku sai aji ya yi tsit, kowa ya juyo yana kallonta. Dakta ya ce, "Malama, ke kaɗai kin isa sashe guda. Ki same ni a ofis, ku ukun." A lokacin sauran biyun suna Kaduna ana ɗaura musu ashoke.

Uwar tafiya

Yanzu ga babban labarin, wanda saboda shi na ce ku rage murya. A cikin wannan ayari akwai wadda ita ce uwar tafiya. Ita ke fitar da anko, ita ke karɓar kuɗin gudummawa, ita ke buɗe zauren WhatsApp na kowane biki, ita ce kuma ta farko a filin rawa. In ana hira a ɗaki aka ambaci karatu sai ta yamutsa fuska ta ce, "Ni wallahi ko buɗe handawut ɗin ban yi ba, Allah dai ya rufa asiri." Sai ƙawaye su ji sanyi a ransu, su ce tunda ita ma ba ta buɗe ba, da sauran lokaci.

Ashe kallon kitse ake yi wa rogo. Wata mai tashin dare a ɗakin kwanan mata na Amina ta tabbatar mana cewa ƙarfe uku na dare wannan yarinya take sulalewa daga gado, ta ɗauki fitilar caji da bargo, ta tafi can wani lungu inda ba mai ganinta, ba ta dawowa sai an kira Asuba. Ta yi salla ta koma ta kwanta, gari ya waye a tashe ta da ƙyar, tana miƙa tana cewa barci bai ishe ta ba. Ko a motar zuwa biki, in ka ga ta sa abin ji a kunne tana gyaɗa kai, kada ka ɗauka waƙa ce. Lakcar da ta naɗa a waya take maimaitawa.

Da sakamakon zangon da ya wuce ya fito, uwar tafiya ta tashi da makin da ya haura 4.50, wato tana kan layin daraja ta ɗaya. Biyu daga cikin masu take mata baya kuwa suka kwaso kariyoba, ɗaya har guda uku. An ce ranar an yi ƙaramin yaƙi a ɗaki. Ɗaya ta ce, "Amma ke muguwa ce, ba ke kika ce ba ki karanta ba?" Ita kuwa ta buɗe ido ta ce, "Wallahi sa'a ce kawai, ƙawata." Har yau ba sa ga maciji, sai dai mun ji an fitar da sabon anko, kuma duk sun biya.

Majalisar ƙwallo

Kada maza su yi dariya, domin nasu ya fi muni. Asabar da Lahadi gasar Firimiya ta Ingila, Talata da Laraba da daddare gasar zakarun Turai, in kuma Real Madrid da Barcelona za su haɗu, to ko gobe da safe akwai gwaji sai an cika gidan kallo. Wasan minti 90 ne, amma musun da ke biyo baya a gaban mai shayi yakan kai ƙarfe ɗaya na dare. A nan za ka ga wanda bai iya kawo sunayen kwasa-kwasansa na wannan zango ba, amma yana zayyano 'yan wasan Arsenal har da na benci, da kuɗin da aka sayo kowannensu.

Akwai wani ɗan ɗakin kwanan maza na Danfodiyo da ake ji da shi a wannan majalisa. Muryarsa ta fi ta kowa, shi ke buɗe musu shi ke rufewa. Abokansa sun ɗauka tare suke a cikin jirgi ɗaya. Abin da ba su sani ba, in an watse kowa ya nufi gado, shi wanka yake yi ya ɗauki jaka ya nufi aji, ya zauna shi kaɗai har kiran salla. Wani da ya gan shi a can ya ce masa, "Mutumina, kai ne a nan?" Sai ya yi wuf ya rufe littafi ya ce caji ya kawo waya. Wayar da ke aljihunsa, ba a ko fito da ita ba.

Na kusa da shi a majalisar kuwa, wanda ke rantsuwa da ƙungiyarsa, ya zarce daga kallo ya faɗa cacar ƙwallo ta waya. An ce wasa goma ya jera, tara suka shigo, na goman aka farke a minti na ƙarshe. Kuɗin da ya tafi na rajistar wani abu ne da aka aiko masa daga gida. Tun ranar ya daina musu, ya koma zama a bayan benci yana tsaki shi kaɗai. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Masu abokai irinsa su ja su gefe tun kafin abin ya kai ga sayar da waya.

Ranar da alat ya shigo

Tun da aka fara ba da lamunin karatu na NELFUND a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don ɗawainiya, an samu sabuwar ranar salla a harabar jami'a. Ba a shelar ganin wata, amma da ka ga layi a wurin mai POS da mai gasa kaza, ka san ta samu. Kwana biyun farko shawarma da lemon kwalba, har da ɗaukar hoton faranti a ɗora a shafi. Mako na biyu a sauko kan indomi da ƙwai. Na uku garau-garau da awara. Na huɗu kuwa garin kwaki da sukari, in an samu ƙuli to an yi walima.

Wasu sun manta cewa sunansa lamuni, bashi ne da za a biya bayan an gama hidimar ƙasa an samu abin yi. Wani ma an ji shi yana kiransa "albashina".

Gaskiya dai rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Samaru zuwa PZ ko Sabon Gari ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu, balle wanda yake da lakca a harabar Kongo ko aiki a asibitin koyarwa na Shika. Masu zama a Hayin Dogo da Palladan da Zango sun san abin da ake nufi. Amma duk da haka, kuɗin anko ba ya taɓa gagara. Yadda ake samo shi kuwa, ga shi: a kira gida da murya ƙasa-ƙasa, "Abba, barka da dare, dama wani handawut ne aka ce dole kowa ya saya kafin Litinin." An ce wani uba, tsohon malamin makaranta, ya gaji da wannan handawut mai fitowa duk mako, sai ya ce, "To Uwata, turo min sunan kwas ɗin da sunan malamin, akwai abokina a sashen." Nan take layi ya fara katsewa.

Mai shayin da ke kusa da ɗaya daga cikin ɗakunan maza kuwa yana da littafin bashi da ya fi na wasu ɗalibai cika da rubutu. Ya ce shi ba ya bin kowa, ranar da za a zo neman sa hannun barin makaranta yake jira, domin duk mai fita ta gabansa zai wuce.

Bayan la'asar a ƙofar Amina da Ribadu

Wanda bai ga ƙofar ɗakunan kwanan mata na Amina da Ribadu da yammacin Juma'a ba, bai ga Samaru ba. Motoci a jere, ƙamshin turare ya cika iska, samari an sha shadda an kafa hula. Wani saurayi ya shafe makonni yana zuwa da wata baƙar mota mai duhun gilashi, yana kaɗa makulli a yatsa. Yarinya ta gama sanar da ƙawaye cewa ta yi babban kamu. Rannan suna tsaka da hira sai waya ta yi ƙara, ya ɗauka, aka ji shi yana cewa, "Na'am Yallaɓai, ga ni nan, wankin ne bai ƙarasa ba." Ya shiga mota ya fice ko sallama babu. Ashe motar kawunsa ce, shi aikinsa kai ta wanki duk Juma'a. Mu dai ba mu ga laifin mai wankin mota ba, sana'a ce. Kaɗa makullin ne ya jawo masa.

Sai wani ustazu da ya yi suna wajen yi wa 'yan ajinsu nasiha a kan tsayuwa da 'yan mata. An hango shi bayan magariba a gefen wata bishiya, riƙe da leda mai ɗauke da tsire. Da aka matsa masa da tambaya, ya ce ƙanwarsa ce. Masu bincike sun gano cewa shi daga wata jiha yake, ita daga wata, ko yare ba su haɗa ba. Muna yi musu fatan alheri, Allah ya sa a yi da mu, a kuma fitar da anko mai sauƙi.

Aikin rukuni da na'ura mai amsa tambaya

Aikin rukuni a jami'a sunansa ne kawai na rukuni. Mutum goma a takarda, mutum ɗaya a kan kwamfuta, sauran tara aikinsu tambaya: "Oga, an gama? Nawa ne kuɗin bugawa?" Yanzu kuma an samu sauƙi, ChatGPT ya shigo gari. An ba wani rukuni aiki mako uku kafin ranar miƙawa, suka bari sai daren ƙarshe bayan an tashi daga kallon shirin Labarina. Shugaban rukuni ya kwafo amsa ya liƙa, aka buga, aka yi bango mai kyau. Ba wanda ya karanta. Malam yana buɗe shafin ƙarshe ya tarar da na'urar tana tambaya ko ana so ta ƙara faɗaɗa bayanin. Ya karanta wa aji da ƙarfi, sannan ya ce, "Ku gaya mata ina so, ta zo ta kare aikin da bakinta ranar Litinin."

Waɗanda ba a ganin su a hoto

Kada a ce bakinmu bai iya faɗin alheri ba. Ba duk mai ɓacewa ranar Asabar ne ya tafi shagali ba. Akwai mai tafiya gyaran waya a kasuwa don ya haɗa kuɗin makaranta. Akwai mai kitso da mai zanen lalle a ɗakunan mata, wadda bikin da wasu ke kashe kuɗi a kai ita a nan take samun na abinci. Akwai mai sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin akwatinta. Akwai matar aure da ke shiga lakcar ƙarfe takwas da goyo, ta fito ta yi girki, ta dawo ta zauna gwaji. Irin waɗannan ba su da lokacin yi wa kowa ƙaryar ba su yi karatu ba.

Nishaɗin ma ba duka ne na banza ba. Wasan kwaikwayo a Drama Village, ranar al'adu da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi ke shiryawa, ƙwallo tsakanin sassa, karatuttukan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a masallaci, taron addu'ar ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, hawan dutsen Kufena, ko zama a bakin dam da yamma, duk suna cikin abin da mutum zai tuna bayan ya manta lambar ɗakinsa. Wanda ya shekara huɗu daga aji sai gado shi ma ya yi asarar wani abu. Magana dai ita ce a san awa nawa aka ba kowanne.

Ranar wanka

Nan da 'yan makonni za a kafe jadawalin jarrabawa, a nan ne za ku ga ikon Allah. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim zai cika tun da sassafe, har da masu tambayar ina ƙofar shiga take. Masallaci zai ƙara sahu a sallar Asuba. Za a fara karatun kwana, a shiga aji da bargo da ruwan zafi a fulas, a buɗe shafin farko, ƙarfe goma sha biyu na yi a kifa kai a kan tebur sai safiya. Ɗalibin da ba a ko amsa sallamarsa tun farkon zango, saboda ba ya sa kaya masu tsada, zai wayi gari ana kiransa Farfesa, ana saya masa lemo don ya yi bita.

Ga lissafin da 'yan rakiya ba sa yi. Maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja 5. Ƙasa da 40 kuwa F ne, sifili. Kwas mai nauyi 3 in ka ci A ka tara 15, in ka faɗi ka tashi a tutar babu, amma nauyin nan 3 yana nan cikin abin da za a raba makinka da shi. Ga shi kuma badi sai ka sake zama da ƙannenka, wataƙila lakcar ta ci karo da ta ajinka. Faɗuwa biyu ko uku a aji ɗaya da aji biyu kan bi mutum har ranar da zai fita, ko da ya farka daga baya. Daraja ta biyu babba tana farawa daga 3.50, kuma da yawa daga masu ɗaukar aiki a nan suke ja layi.

Lokaci ma ba ya jira. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan wanda aka sha a 2020. Waɗanda abin ya rutsa da su sun san yadda digirin shekara huɗu ke miƙewa. In ka ƙara wa kanka shekara da hannunka, ka tuna cewa wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Saboda haka 'yan aji ɗaya, ku da kuka shigo jiya kuna kallon manya da sha'awa, ga saƙon wannan fili. Ku je biki, ku kalli ƙwallo, ku hau Kufena, ba wanda ya hana. Amma duk wanda ya ce muku bai buɗe littafi ba, kada ku yarda sai kun ga sakamakonsa na bara. In ya ƙi nunawa, ku sa ƙararrawar ƙarfe uku na dare ku duba gadonsa. Ku kuma masu karatu a ɓoye, ku ji tsoron Allah, in za ku tashi ku taɓa ƙafar na kusa da ku.

Mai labari ya san inda zai same mu. Sai mako mai zuwa, in mai kowa mai komai ya kai mu.